TSAMI BA RUƁA BA NE

Ranar da muka dawo hutu na zo da jarkar kindirmo daga Cheberu ta ƙasar Gwandu, tsarabar da innata ta haɗa mini. Na dama fura na miƙa wa abokin ɗakina. Ya kai ludayi baki, ya yamutse fuska kamar an ba shi maɗaci, ya ce wai nonon ya lalace, har warin garke yake yi. Ya fita ya sayo lemon kwalba da burodi. Wannan yaro ɗan ƙauye ne kamata, da fura aka yaye shi, amma shekara biyu a jami'a ta isa ta canja masa harshe. Ba ni da faɗa da shi. Faɗana da cutar da ta kama mu ne, mu 'yan boko, ta raina duk abin da ba a zuba wa sukari an liƙa masa takarda ba.

Bari in ba mai karatu labarin wata ƙasa. A Beljiyam, a birnin Burasels da ƙauyukan da ke kudu maso yammacinsa, akwai wata giya da ake kira lambik. Kafin wani ya ɗaga mini sanda, ba tallar giya nake yi ba. Haramun ce a addininmu, ban sha ba, ban kuma ce kowa ya sha ba. Darasin da ke cikin labarinta nake so mu ɗauka.

Ana dafa ruwan sha'ir da alkama, a juye shi cikin wani faffaɗan kasko marar zurfi, a bar shi ya kwana a buɗe a lokacin sanyi, don ƙwayoyin halittar da ke yawo a iska su faɗa ciki. Daga nan sai a ɗura shi a gangunan katako ya yi shekara ɗaya zuwa uku. Wani lokaci a zuba masa wasu jajayen 'ya'yan itace masu zaƙi da ɗan tsami, waɗanda ake kira rasberi. Abin da ke fitowa tsami ne mai kama dasashi, kuma mashayanta da bakinsu suke kwatanta warinta da na bargar doki da tsohuwar fata. Suna faɗar haka ne a matsayin yabo! Har ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke ba ta wannan wari masana sun raɗa mata suna da sunan birnin Burasels.

Su ma sun taɓa kamuwa da irin cutarmu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu lemon kwalba ya cika gari, bakin mutane ya saba da zaƙi, kamfanoni suka shiga zuba wa lambik sukari, gidajen da ke yin ta gargajiya suka yi ta rufewa har suka rage 'yan tsiraru. To, amma ba su naɗe hannu ba. Gidan Cantillon, wanda aka kafa a 1900, ya mai da masana'antarsa gidan tarihi a 1978 don jama'a su shiga su ga yadda ake aikin. A 1997 masu sana'ar suka kafa ƙungiya, Tarayyar Turai kuma ta yi wa sunayen rajista, yadda ba kowane ruwan zaƙi ne zai ari sunan ta gargajiya ba. A 2016 hukumar UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin jerin kayan gadon ɗan Adam.

Yanzu mu dawo gida. Wace hikima ce ke cikin gangar Bature wadda babu ita a ƙwaryar Bafillatana? Takan tafasa madara, ta bari ta huce, ta ɗiga mata ɗan tsohon nono, ta rufe da faifai ta ajiye. Kafin gari ya waye ƙwayoyin da ke cikin tsohon nonon sun ci wani ɓangare na sukarin madarar sun mai da shi tsami, madara ta daskare ta zama kindirmo. In ta kaɗa ta fid da mai, ga man shanu, ga tsala. Wannan tsamin shi ke hana yawancin ƙwayoyin cuta sakewa, shi ya sa nono ke jure zafin ƙasarmu ba firji ba lantarki, alhali ɗanyar madara ba ta kai yamma. Shi ya sa kuma wanda madara ke ɓata wa ciki yakan sha nono lafiya lau. Ga shi ba ya sa maye. Haka tsamin koko yake, haka na kunun zaƙi. Ita kuwa daddawa, ai warin nan da muke toshe wa hanci shi ne shaidar kalwa ta nuna, kuma tana ɗauke da abin gina jiki wanda dunƙulen gishirin kanti ba shi da shi.

Na san abin da za a ce da ni: ƙazanta. Za a ce ana tsuga wa nono ruwan rafi, ana kaɗa masa garin kuka don ya yi kauri, ƙuda na bin ƙwarya, madarar da ba a tafasa ba kuma tana iya ɗauko tarin fuka daga saniya. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Sai dai ina tambaya, in rijiyar gidanku ta yi datti, yashe ta kuke yi ko cike ta? Matar da ke taka sayyada daga ruga zuwa kasuwa da ƙwarya a ka, wa ya taɓa haƙa mata rijiyar burtsatse? Wa ya kare wa mijinta burtali da makiyaya don shanu su ƙoshi su ba da nono da rani? Mun bar ta da rana da ƙura, sa'an nan mun juyo muna zarginta.

Wa ke cin ribar wannan raini namu? Madarar Peak ta shigo Nijeriya tun 1954, kuma har yau galibin madarar da ke kantunanmu daga garin madarar ƙasashen waje ake haɗa ta. A 2020 sai da Babban Bankin Nijeriya ya taƙaita ba da kuɗin waje na shigo da madara ga kamfanoni shida kacal, saboda yawan dukiyar da ke zurarewa. Ƙasa mai miliyoyin shanu! Abin takaici ma, a birane yanzu akwai masu dama garin madara su tsamar da shi su sayar da sunan kindirmo, ba mai ce musu kanzil. A 2022 kuma gwamnati ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, ga ciwon sukari yana ta bin gidaje. Wannan shi ne ci-gaban mai haƙan rijiya: kuɗinmu ya tafi waje, cuta ta zauna gida.

Saboda haka ga kirana. Na farko, 'yan'uwanmu masu karatun kimiyya, musamman na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013 a nan gefen Kalgo, su bar kwafar binciken wasu, su shiga rugage su nazarci nonon Gwandu, su koya wa mata hanyar tafasawa da adanawa mai sauƙin kuɗi. Na biyu, hukuma ta sa doka a kan suna: abin da ba nonon saniya tsantsa ba, kada a kira shi kindirmo. Na uku, mu 'yan Ƙungiyar Hausa mu tattara kalmomin wannan sana'a daga bakin tsofaffi kafin su ƙare, kuma ranar bikinmu na shekara a daina jera wa baƙi akwatunan lemo, a kawo fura da nono da zoɓo. Abin kunya ne mu sa babbar riga mu yi lacca a kan al'ada, sa'an nan mu jiƙa maƙoshi da ruwan sukarin kamfani.

Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara. Mutanen Beljiyam sun riƙe tsaminsu har duniya ta zo tana saye da tsada, alhali nasu mai sa maye ne. Namu halal ne, abinci ne, kuma da shi dubban mata ke ciyar da gidajensu. In muka bari ya mutu, ranar da wani kamfani zai ɗura shi a kwalba ya sayar mana da ninkin kuɗinsa, kada kowa ya yi kuka. Allah Ya ganar da mu.