Kwalbar da ba ta da suna

Shekaru masu yawa bayan na bar jami'a, abin da ya fi tsaya mini a rai daga ɗakin gwaje-gwajen sashen kimiyyar sinadarai shi ne wani ruwa mai launin lemo. Ranar muna firatikal da sinadarin dayikuromet, mun yi cunkoso a ɗakin da aka gina domin rabinmu. Kowa ya gama aikinsa, ya tuttule ragowar a kwamin wanke hannu, ya sakar masa famfo. Na tambayi wani dattijo cikin ma'aikatan ɗakin: "Baba, ina wannan ruwan yake zuwa?" Ya ce, "Bayan katanga, yaro." Bayan katangar nan kuwa akwai lambuna, akwai masu kiwo, akwai rijiyoyin unguwa.

Makon jiya 'yar ƙanwata da ke aji uku a wata jami'a ta zo hutu, na yi mata wannan tambayar. Ta ce, "Kawu, ai a kwami muke zubarwa." Kuromiyam ɗin da ke cikin ruwan lemon nan yana daga cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara. Ba ya ruɓewa, ba ya ƙonewa, ruwan famfo kuma ba ya kashe masa kaifi, sai dai ya kai shi gaba. Mutanen Kano sun san sunansa daga ruwan da masana'antun jima suka daɗe suna sakarwa kogin Challawa. Muna rubuta takardun digiri a kan wancan, alhali namu yana bin lambatu.

Ta kuma ba ni labarin wani sito a ƙarshen baranda, cike da kwalaben da takardar jikinsu ta goge, wasu sun girme ta. Wannan ne ya hana ni barci. Kwalbar da ba ta da suna ta fi kowace kwalba hatsari, domin ba wanda ya san yadda zai taɓa ta. Sinadarin da ake kira "ita", wanda ake narkar da abubuwa da shi, idan ya daɗe a ajiye yana shan iska yakan tara wani gishiri a wuyan kwalba, murɗa murfin kawai yana iya tayar da shi. Asid ɗin fikirik idan ya bushe ya zama nakiya. Ragowar asid ɗin naitirik kuwa, a zuba ta a jarka ɗaya da ragowar asiton ko etanol a toshe, sai iska ta taru a ciki har jarkar ta tarwatse a fuskar wanda tsautsayi ya kawo kusa. Sau da yawa wanda ke kusa ɗin mai shara ne, da tsintsiyarsa da silifas, wanda ba a taɓa yi masa bayanin komai ba.

Na ce tsautsayi, domin haka muke cewa. Na yi imani da ƙaddara. Amma malamanmu sun koya mana cewa tawakkali yana zuwa ne bayan an yi sababi, kuma rubuta suna a jikin kwalba sababi ne da bai fi ƙarfin kowa ba.

Kada wani ya ɗauka wannan ciwon talaka ne kawai. A watan Agustan 1996, Farfesa Karen Wetterhahn ta kwalejin Dartmouth a Amurka, wadda ƙwarewarta ma a kan gubar ƙarafa take, ɗigo ɗaya ko biyu na wani sinadarin zaiba ya zuba a kan safar hannunta ta roba. Ta goge wurin, ta cire safar, ta ci gaba da harkokinta. Ashe gubar ta ratsa robar cikin daƙiƙoƙi. Bayan wata biyar tafiyarta ta fara tangaɗi, harshenta ya yi nauyi. Ta rasu a watan Yunin 1997 tana da shekara 48. Ta bi ƙa'idar da aka sani a lokacin, mutuwarta ce ta sa aka gane cewa ba kowace safa ke tare kowane sinadari ba. To ina ga ɗalibin da ke zuƙar asid da baki ta cikin bututun awo, don babu 'yar robar zuƙa?

Labarin da ya kamata shugabannin sassa su riƙe shi ne na Sheharbano Sangji, 'yar shekara 23, mai taimaka wa bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis. Ranar 29 ga Disamba 2008 tana ɗibar wani sinadarin litiyam da ke kamawa da wuta da zarar ya haɗu da iska, sirinjin ya kwance a hannunta. Ba ta sanye da rigar gwaji, suwaitar jikinta kuma mai saurin cin wuta ce. Kwana 18 ta yi tana jinya, ta cika. Abin da ya biyo baya shi ne ya girgiza jami'o'in ƙasar: a 2011 masu gabatar da ƙara suka gurfanar da jami'ar da kuma malamin da take aiki a ƙarƙashinsa, Farfesa Patrick Harran, bisa zargin keta dokokin kare ma'aikata. A 2014 aka sasanta da shi kan tarar dala 10,000 da aikin al'umma na awa 800. Danginta sun ga hukuncin ya yi sauƙi, ni ma haka na gani. Amma daga ranar kowane farfesa ya san cewa ɗalibin da ke ɗakinsa amana ce da za a tambaye shi a gaban alƙali.

Mu ma muna da doka. Bayan an gano dubban tan na dattin guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, a jihar Delta ta yanzu, gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 42 ta 1988, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai zubar da datti mai cutarwa. Tun 2007 kuma akwai hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli. Mun iya fushi idan gubar ta zo a jirgin ruwa daga Turai. Wadda ke fita kofi-kofi daga ɗakunan gwajinmu, zango bayan zango, ba ta da mai yi mata fushi.

Za a ce babu kuɗi, kuma gaskiya ne akwatin zuƙar hayaƙi yana da tsada, yana kuma buƙatar wutar da ba ta tsayawa. Amma yawancin abin da nake roƙo ba ya jiran kuɗin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. Jarkoki ne daban-daban, na asid daban, na masu narkarwa daban, na ƙarafa masu guba daban, kowace da sunanta da ranar da aka fara zuba mata. Asid mai sauƙi ana kashe masa kaifi da soda ko farar ƙasa kafin a zubar. Shi kansa ruwan lemon nan, da sinadarin bayisalfait ana mayar da shi kore, a sa shi ya kwanta a ƙasan mazubi, a tace a adana. Wannan ai darasi ne da kansa, a ba shi maki kamar kowane firatikal. A rage yawan abin da ake gwaji da shi, abin da ake yi da kofi a yi shi da cokali. Ɗalibin furojet kuma kada a sa masa hannu a takardar kammalawa sai ya miƙa kwalabensa da sunayensu.

Sai batun da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Dattijon nan da ya ce mini "bayan katanga" ya fi kowa sanin abin da ke cikin irin wannan sito, ya san wace kwalba ce ba a girgizawa. Amma ba shi da ikon hana ɗalibin farfesa shiga ɗaki da silifas, balle ya rufe ɗakin ranar da babu ruwa a famfo. A ba irinsu wannan ikon a rubuce, da sa hannun shugaban jami'a. Kuma kafin su yi ritaya, a zaunar da su a bakin siton da littafi da alƙalami, a bi kwalaben nan ɗaya bayan ɗaya.