Kowace Cuta Da Lambarta

Fatake sun san ciniki ba ya ƙulluwa sai mudu ya zama ɗaya. In mai saye da mai sayarwa kowa ya zo da nasa, to, sai gardama. Haka sha'anin cuta yake a wurin likitoci. Kowace al'umma da sunan da take kiran ciwo, har a gari ɗaya ma wani ya ce masassara, wani ya ce janti. Saboda haka aka yi wa kowace cuta lamba guda, wadda likitan Kano da na Masar da na Sin za su gani su fahimci abu ɗaya.

Asalin abin ya daɗe. A shekarar 1893 wani masanin ƙididdiga na Faransa, Jacques Bertillon, ya gabatar da jerin dalilan mutuwa a wani taro a birnin Chicago ta Amurka, aka karɓa. A 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki nauyin kundin, aka shigar da cututtukan da ba su kai ga kisa ba. Shi ne ake kira ICD a taƙaice. An amince da bugu na 10 a 1990, na 11 kuwa a 2019, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2022.

A bugu na 10 lamba tana farawa da harafi, sai alƙaluma su biyo. Kwalara A00 ce, ƙyanda B05, amosanin jini D57. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, na ƙwayar falsifarum, B50 ne, wanda ba a tantance irinsa ba kuwa B54. A bugu na 11 an sāke fasali, kwalara ta koma 1A00.

Aikin yana da ƙa'idodi, ba a yinsa da ka. Akawun asibiti ba ya sa lamba sai ga abin da likita ya rubuta, ba ya ƙari, ba ya ragi. Yakan nemi sunan cutar a fihirisa, sa'an nan ya koma babban jeri ya tabbata, domin a can ne aka bayyana abin da lambar ta ƙunsa da abin da ta ware. In cuta ta tabbata ita ake rubutawa. In kuwa an bincika ba a gano ba, sai a tsaya ga alamar da aka gani, gama zazzaɓin da ba a san dalilinsa ba yana da tasa lambar, watau R50.9.

Mafi nauyin ƙa'idodin ita ce ta mutuwa. Ana neman tushen abin da ya jawo ajali. Misali yaro ya kamu da ƙyanda, ta jawo masa ciwon huhu, ya rasu. Ƙyandar za a ƙirga, don ita ce mafari, ita ce kuma allurar rigakafi za ta iya tarewa. A rubuta wai zuciya ta tsaya bai faɗi kome ba, tun da babu mamacin da tasa take bugawa.

Wani zai ce wannan ai sha'anin akawuna ne, ina ruwan malami da ɗan kasuwa? Da ruwansu ƙwarai. Da waɗannan lambobi hukuma take sanin inda za ta kai magani da ma'aikata da kuɗi. Da irin wannan ƙirga aka san Nijeriya ita kaɗai tana ɗauke da kimanin rubu'in masu zazzaɓin sauro na duniya. Sanƙarau na 1996 ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, akasarinsu a Arewa, annoba kuwa ba a tare ta da wuri sai in an rubuta masu kamuwa na farko da sunan gaskiya. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin sauro. In aka ci gaba da kiran kowane zafin jiki da wannan suna, taifot da sauransu sai su ɓuya a ƙarƙashinsa, a yi ta maganin kashi ana barin tsoka da ciwo. Wanda kuwa ya sauya lamba da gangan don a biya asibitinsa kuɗin inshora mai yawa, bai bambanta da mai algus a mudu ba.

To, jama'a, gyara na kowa ne. Majiyyaci ya faɗa wa likita gaskiya, ya tambayi sunan ciwonsa. Likita ya rubuta a fili yadda za a iya karantawa. Hukuma ta horar da akawuna, ta ba ƙananan asibitoci kayan gwaji. Mafi yawan rasuwa a ƙasar nan a gida take faruwa, ba ta shiga rajista. Malamai su ne ake kira ga jana'iza, maganarsu kuwa ana jinta, sai su riƙa tuna wa magada su kai rahoto a rubuta, domin abin da ya ɗauki ɗaya kada ya ɗauki goma a ɓoye. Allah ya ƙara lafiya, amin.