Sharhi: Aji ya koma cikin salula, amma wa ya koya wa malam jan ragamarsa?

Sau biyu cikin ƴan shekarun nan muka ga ƙofofin lakwal a rufe a faɗin Nijar. A watan Maris na 2020 cutar korona ce ta sa aka rufe su, ba a koma ba sai farkon Yuni. A 2024 kuma ambaliyar ruwa ta sa aka ɗage komawa aji zuwa 28 ga Oktoba, saboda wasu azuzuwan sun rushe, wasu kuma waɗanda ruwa ya kora ne ke kwana a ciki. Ga kuma ɗaruruwan makarantun da rashin tsaro ya rufe a jahar Tillaberi.

Duk sa'ad da haka ta faru, sai a ce a koma karatu ta intanet. Malamai da yawa, musamman na sakandare da na jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, sun buɗe wa ɗalibansu rukuni a WhatsApp. Sun yi ƙoƙari, galibi da kuɗin aljihunsu. To amma me ke faruwa a ciki? Malam ya ɗauki hoton darasi ya tura, ya rubuta "kun gane?" Mutum biyar su amsa "eh mushe", sauran su yi tsit. An tura takarda, amma ba a yi karatu ba.

Mun saba ɗora laifin a kan rezo da wutar lantarki, kuma da gaskiyarmu. Ba mu manta da yadda Najeriya ta katse mana wuta a watan Agusta na 2023 ba, har cajin waya ya zama aiki. Sai dai ko an gyara rezo yau, akwai abin da ba a gyara ba: ba a koya wa malam yadda zai sa ɗalibai su yi magana a wurin da ba ya ganin fuskokinsu ba.

A cikin aji ido ne ke yi wa malam rabin aiki. Yana ganin wanda ya yamutsa fuska, da wanda ke gyangyaɗi, da yarinyar da ta san amsa amma kunya ta hana ta ɗaga hannu. A salula duk wannan ya ɓace. Shirun ɗalibi yana iya zama bai gane ba, ko kuɗin intanet ɗinsa ya ƙare, ko mahaifinsa ya tafi kasuwa da wayar da ita kaɗai ce a gidan. Malamin da bai san bambancin waɗannan ba zai yi fushi da yaron da ba shi da laifi.

Abin da ya kamata malam ya koya bai wuce ƙarfinsa ba. Na farko, irin tambayar. "Mene ne zaizayar ƙasa?" amsarta ɗaya ce, da zarar mai ƙoƙarin aji ya faɗa, shi ke nan zance ya mutu. Amma in aka ce "ku tambayi wani dattijo a gidanku yadda gonarsa take a da da yadda take yanzu, ku gaya mana me ya canja", kowa yana da abin cewa, kuma amsar ɗan Madarunfa ba za ta zama ta ɗan Dakwaro ba.

Na biyu, lokaci. Tara yara duka a sa'a ɗaya ta hoton bidiyo yana cinye kuɗi, kuma yana barin na ƙauye a baya. Gara a ba da kwana biyu, kowa ya aiko da saƙon murya na minti ɗaya sa'ad da ya samu waya. Na uku, malam ya iya kama bakinsa. In ya riƙa yanke hukunci a kan kowace amsa nan take, ɗalibai da shi kaɗai za su riƙa magana. Gara ya ce, "wance, me kike gani a kan abin da wane ya faɗa?" Sannan ya raba ajin gida-gida, mutum shida ko takwas, ya kafa doka tun ranar farko: ba zagi, ba dariyar kuskuren wani, ba tallan kaya. A ƙarshe ya tattara abin da aka faɗa, ya ambaci sunayen masu maganar, ya gyara inda aka kauce. Batun harshe ma yana nan: tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, babu dalilin hana yaro fara bayyana tunaninsa da Hausa kafin ya mai da shi Faransanci.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Tun 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo a Nijar. Mutanen gari su taru su saurari shiri, sannan wani jagora, sau da yawa malamin makaranta, ya buɗe muhawara, ya ba kowa dama, ya naɗi muryoyinsu a mai da su gidan rediyo. Iyayenmu sun gane cewa akwatin kaɗai ba ya koyarwa, sai da mai jan zance. Mu da ke gabatar da shirin kiran waya kullum muna ganin haka: in mai gabatarwa bai iya ba, mutum uku ne za su mamaye layi.

Don haka kiranmu ga ma'aikatar ilimi shi ne, makarantun horon malamai su sa wannan cikin darussansu, kuma kada a bar malaman kwantiragi a baya, tun da su ne suka fi yawa a karkara. Horon ya zama na gwaji da salular da ke hannunsu. Kuɗin intanet na aikin koyarwa kuma bai kamata ya fito daga albashin malam ba.

Ku kuma ƴan uwa da ke Libiya, Aljeriya, Kano, Ankara ko Abijan, da ke aiko wa gida waya da kuɗin kira, in kun bugo, ku tambayi yaron: "Me ka faɗa a ajinku wannan mako?" Ku roƙi iyaye su ware wa yara, har da ƴan mata, sa'a ɗaya ta wayar da dare.

Damina za ta sake zuwa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyaye mana makarantunmu, ya saka wa malamanmu da alheri.