Girgizar Ƙasar Maroko: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya



Ina so mu ɗan yi nazari a kan abin da ya auku a ƙasar Maroko a daren Juma'a, 8 ga Satumba 2023. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare ƙasa ta girgiza a lardin Alhauz, cikin duwatsun Atlas, kimanin kilomita 70 daga birnin Marrakesh. Ƙarfin girgizar ya kai 6.8 a ma'auni. Mutane kusan 3,000 suka riga mu gidan gaskiya, fiye da 5,000 kuma suka ji rauni. Allah Ya jiƙan su.

Abin lura shi ne, yawancin waɗanda suka rasu ba mutanen birni ba ne. Talakawa ne na ƙauyukan kan dutse, masu gidajen laka da duwatsu, waɗanda suka gina da hannunsu kamar yadda mu ma muke yi. Da ƙasa ta motsa, bango ya buɗe, rufi mai nauyi ya rufto wa mutane suna barci. To, wanda aka ciro da sauran numfashi fa, ina za a kai shi? Nan ne gizo ke saƙa. Manyan duwatsu sun gangaro sun toshe hanyoyi, motar asibiti ba ta iya wucewa. Wasu ƙauyukan sai da aka kwana biyu ko uku kafin agaji ya isa, wani wurin ma a kan jakuna da alfadarai aka kai kaya. Maƙwabta ne suka riƙa tono da hannu da shebur. Sojoji sun kafa asibitin tanti a garin Asni, mutanen birane kuma suka yi dogon layi suna ba da jini, amma mai zubar da jini a kan dutse ba ya iya jiran gobe.

Ni a ganina darasin ke nan: girgiza ita ce ta rushe gida, amma nisan asibiti da rashin hanya su ne suka ƙarasa mutane da yawa. Kuma Maroko ba baƙuwar wannan masifa ba ce. A 1960 girgiza ta rusa birnin Agadir, mutane fiye da 12,000 suka mutu. A 2004 ta sake afka wa yankin Alhusaima. An kafa dokokin gini, an sake gina birane da ƙarfi, amma dokar ba ta hau dutse ta iske ɗan ƙauye ba.

Wani zai ce, Malam, mu ina ruwanmu, ai ƙasarmu ba ta girgiza. Gaskiya ne ba mu cikin yankunan da abin ya yi tsanani, mun gode Allah. Amma a tuna, a 1939 girgiza ta kashe mutane a Ankara ta ƙasar Gana. A 1983 ta kashe ɗaruruwa a ƙasar Gini. A nan gida ma ƙasa ta motsa a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, ta kuma motsa a Mpape ta Abuja a 2018, har mutane suka fito waje a firgice. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Daɗin daɗawa, shirin girgizar ƙasa ba wani shiri ne na daban ba. Shi ne dai shirin ambaliya, da gobara, da haɗarin mota, da naƙudar tsakar dare. Da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a Satumba 2024, ruwa ya shiga har cikin asibitin koyarwa na Maiduguri, a daidai lokacin da jama'a suka fi bukatarsa. Asibitin da ba shi da nas da dare, ba ruwa, ba lantarki, ba bandeji a ranar zaman lafiya, me zai tsinana ranar tashin hankali? A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don kiwon lafiya. Har yau kasafin gwamnatin tarayya bai kai wannan ba. Hakkinmu ne mu riƙa tambayar kansila da ciyaman da ɗan majalisa, cikin ladabi, ina aka kwana a kan ɗakin shan maganin unguwarmu.

Mu ma da namu aikin. Iyayenmu maza, idan za a yi gini kada a yi rowar siminti da rodi, kada a ɗora bene a kan harsashin da ba a yi shi don bene ba. Bangon da ya tsage a gyara shi tun kafin damina. Iyayenmu mata, a tanadi tocila da tsumma mai tsabta da ruwan sha a wuri guda sananne. Kowane baligi ya san rukunin jininsa.

Ku kuma ɗalibai, ku riƙe wannan. In ƙasa ta motsa, kada a yi turereniya a bakin ƙofa ko a matakala. A durƙusa, a kare kai da wuya, a shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi in akwai. Da ta lafa a fita fili, nesa da katanga da wayar lantarki, domin takan sake motsawa. Mai zubar da jini a danne masa wurin da tsumma mai tsabta. Wanda ake zaton ya karye a wuya ko baya kada a ja shi, sai in barinsa a wurin ya fi haɗari. Ina roƙon hukumar makaranta ta gayyato 'yan agaji ko malamin asibiti, ko sau ɗaya a zango, su koya mana waɗannan da hannu.

Abin da Allah Ya ƙaddara babu makawa, amma ɗaukar mataki ba ya kore tawakkali. Allah Ya kiyashe mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.