Idan An Gurfanar Da Ɗan'uwa A Kotu Saboda Giya

Akwai maganar da ba mu cika son a ta da ita a zaman dattawa ba, amma tana iske mu ko muna so ko ba mu so. An kama saurayinmu a buge a bakin titi. An sami kwalabe a bayan babur ɗin wani. Wata gwauruwa tana dafa burukutu don kuɗin makarantar 'ya'yanta, an zo an kwashe ta da tukwanenta. Ranar Litinin za a kai su kotu. Me za a yi?

Abin da aka saba yi ɗaya ne cikin biyu. Ko iyali su haɗa kuɗi a ɓoye su kai ofishin 'yan sanda a kashe magana, ko a ce wa yaro, "Kai dai ka ce ka yi, a ci ka tara mu tafi gida." Kunya ce take haifar da duka biyun. Na farko cin hanci ne, ba sai mun tsaya bayani ba. Na biyun ne ya fi damunmu, domin yana kama da tawali'u, alhali sau da yawa gaggawa ce kawai.

Da fari a san kotun da za a je. Tun da Jihar Zamfara ta fara aiki da dokokin shari'ar Musulunci a kan laifuffuka a Janairun 2000, jihohi 12 na Arewa suka bi wannan hanya. Kotunan shari'a na Musulmi ne. Ba a yi wa Kirista hukunci a can sai da yardarsa. Wasu sukan yarda don an ce musu can ya fi sauri. Shawararmu ita ce kada kowa ya sa hannu a kan irin wannan yarda sai lauya ya gani. Amma kada wani ya ruɗi kansa cewa tun da shi Kirista ne dokar giya ba ta hawansa. Dokar Final Kod, wadda Arewa take aiki da ita tun 1960, ta sa maye a bainar jama'a cikin laifuffuka ga kowa. A 2004 kuma Jihar Kano ta yi wa tata dokar gyara, ta hana sayar da giya da shanta ga Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Hukumar Hisba, wadda aka kafa da doka a Kano a 2003, ba kotu ba ce. Alƙali ne kaɗai yake yanke hukunci.

Sai maganar amsa laifi. A kotun majistare za a karanta wa mutum rahoton da 'yan sanda suka rubuta, a tambaye shi ko gaskiya ne. Daƙiƙa kaɗan ne, amma a nan komai yake. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi 'yancin a bayyana masa tuhumar cikin harshen da yake ji, a ba shi tafinta kyauta, a ba shi lokacin shirya kāriya, ya kuma ɗauki lauya. Yaron da ya kwana biyu a bayan kanta ba ya tuna wannan. Yana jin "giya" cikin Turancin da ake karantawa sai ya ce, "Gaskiya ne," bai san an haɗa da ta da hankalin jama'a, ko dukan ɗan sanda, ko an rubuta sayarwa alhali sha ya yi ba.

Ba mu koya wa kowa ƙarya. Wanda ya aikata daidai abin da aka rubuta, ya amsa, ya roƙi sassauci: karo na farko ne, yana da iyali, ga dattijon ikklisiyarsa yana tsaye a bayansa. Alƙalai sukan saurari irin wannan, kuma ƙaramin laifi yakan ƙare da tara. Amma wanda aka ƙara wa abin da bai yi ba, amsawarsa ita ce ƙaryar. Ya ce bai yarda ba, a kawo shaida. Gaskiya ne wannan hanya tana cin lokaci da kuɗin mota, ana ta ɗage zama, mai aikin yini yana asarar yininsa. Duk da haka a auna da ɗaya gefen: tara tana ƙarewa ranar da aka biya, amma hukuncin yana nan a rubuce. Takardun shiga soja da ɗan sanda, da na neman biza, sukan tambayi ko kotu ta taɓa samun mutum da laifi. Wanda ya amsa da bakinsa kuma, ƙofar ɗaukaka ƙara ta ƙuntace masa.

Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba Da Agajin Lauyoyi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976 domin marasa hali. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ta kuma ce mace tana iya tsayawa beli. Jihohi sun yi nasu dokokin a kan wannan tsari. Dattijon da zai tsaya beli ya sani fa, in yaron ya gudu, shi za a nema da kuɗin. In an biya tara, a karɓi rasit.

Horon ikklisiya yana nan, ba mu ce a ɗage shi ba. Amma ba ranar kotu ake yinsa ba, kuma ƙin raka ɗan'uwa gaban alƙali ba horo ba ne. Muna roƙon kowace majami'a ta ware dattawa biyu, Zumuntar Mata ta ba da mutum ɗaya, waɗanda za a iya tasa ko da tsakar dare ne. Lauyoyin da ke cikinmu kuma su ba sakataren ikklisiyarsu lambar waya kafin zaman dattawa mai zuwa.