Amosanin Jini: Bincike Ya Yi Nisa, Harshe Yana Baya

A cikin sunayen gargajiya na Hausawa akwai wani rukuni da ya kamata ɗalibin harshe ya tsaya a kansa da kyau, wato sunayen 'ya'yan wabi. Idan mace ta yi ta haihuwa 'ya'yan suna komawa tun suna ƙanana, wanda ya biyo bayansu akan yi masa laƙabi da Ajuji ko Ayashe ko Barmani, a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko Allah ya sa ya tsaya. Ana samun masu waɗannan sunaye a ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kamar yadda ake samunsu a sauran ƙasar Hausa. Sunayen shaida ne cewa iyayenmu sun daɗe da lura da mutuwar da ke bin ɗaki guda. Ba duk wabi ne ke da sanadi ɗaya ba. Zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da tamowa sun ɗauki nasu kason. Amma wani kaso mai yawa na cutar da muke kira amosanin jini ne, ko sikila.

Akwai hujja a kan haka daga ƙasarmu. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a Garki, cikin Jihar Jigawa ta yanzu. Da aka auna jinin mutanen ƙauyukan, sai aka tarar kimanin jarirai 2 cikin 100 ana haihuwarsu da cutar, amma da ƙyar ake samun mai ita a cikin waɗanda suka haura shekara 9. Sauran duk sun koma, yawancinsu ba tare da an taɓa sanin sunan abin da ya ɗauke su ba. Ƙiyasin da hukumar ta fitar a 2006 ya nuna ana haihuwar yara wajen 150,000 da cutar a Nijeriya kowace shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai shi.

Ra'ayina a nan shi ne, a yau ilimin wannan cuta ya wadata, abin da ya rage shi ne a faɗe shi da Hausar da manomin Faskari zai fahimta, kuma a faɗe shi tun yaro yana makaranta. Wannan aikin malami ne kafin ya zama na likita.

Bari mu fara da asalin cutar, domin ɗalibin ilimin furuci ya fi kowa saurin gane ta. Mun san cewa kashi daban, ƙashi daban. Bari daban, ɓari daban. Ƙwayar sauti ɗaya ce ta sauya, ma'ana ta juye baki ɗaya. To haka abin yake a jini. Jajayen ƙwayoyin jini suna ɗauke da wani sinadari mai suna himogulobin, wanda ke kai iskar numfashi ga sassan jiki. Ɗaya daga cikin sarƙoƙin da suka haɗu suka gina shi tana da ƙulli 146. A 1956 Vernon Ingram ya gano a Jami'ar Kambirij cewa ƙulli ɗaya tak ne ya bambanta jinin mai cutar da na mai lafiya, wato na shida a jeri. Saboda wannan sauyi, idan iska ta yi ƙaranci sai ƙwayar jinin, wadda a da take da laushi da siffar faifai, ta ƙage ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon ƙashi mai tsanani yake tasowa. Ƙwayar jini mai lafiya takan yi kwana 120, amma mai siffar lauje ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa kullum jinin yaron yake ƙasa, idonsa yana rawaya. Jariri kuwa yakan fito lafiya lau, domin yana ɗauke da himogulobin irin na ɗan tayi wanda ba ya lanƙwashewa. Sai ya kai wajen wata shida wannan ya ja baya, sannan hannuwa da ƙafafu su fara kumbura.

Ta hanyar gado kawai ake samun cutar. Kowane mutum yakan karɓi rabi daga uwa, rabi daga uba. Mai AA bai gaji komai ba. Mai AS ya gaji rabi, lafiyarsa ƙalau. Mai SS ya gada ta ɓangarori biyu, shi ne mai cutar. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne. Dalilin yawansu kuwa, tun 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai AS ya fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, don haka gadon ya bunƙasa a ƙasashen da sauro ya yi kaka-gida.

A nan ne matsalar harshe take kunno kai. Kalmar amosani ta bayyana raɗaɗin, amma ta ɓoye sanadin. Bahaushe yana danganta amosani da sanyi, saboda haka da zarar an ambace shi sai hankali ya koma kan jiƙe-jiƙen maganin sanyi, a manta da batun gado. Sikila kuma aro ce daga kalmar Ingilishi mai tushe a sunan lauje, ba ta gaya wa mai sauraro komai ba, sai ma ta zama laƙabin da ake jifan yaro da shi. Mafi muni shi ne yadda ake amfani da "rukunin jini" a kan abubuwa biyu mabambanta: A da B da AB da O da ake dubawa wajen ƙarin jini, da kuma AA da AS da SS. Tun da harafin A ya fito a kowanne, saurayi zai ce shi A ne, a ɗauka an gama magana. Ina ganin a bar "rukunin jini" ga na farko, a kira na biyu "gadon jini", domin kalmar gado ta riga ta yi rabin bayanin. Haka kuma jimlar da ake yawan maimaitawa, cewa idan AS ya auri AS "ɗaya cikin huɗu" na 'ya'yansu zai zama SS, tana ɓatar da mutane. Wasu sukan fahimci cewa ɗa na huɗu ne, wasu kuma su ɗauka idan an sami ɗaya to uku masu zuwa sun kuɓuta. Gaskiyar ita ce kowane ciki ƙuri'arsa daban, ba ruwansa da na baya. Ana iya haifar huɗu a jere duk SS, ana kuma iya haifar takwas babu ko ɗaya.

Binciken zamani ya kai inda a da ba a yi mafarki ba. A watan Nuwamba 2023 Birtaniya ta amince da wani magani mai suna Casgevy, Amurka ta biyo baya a Disamba. Ana ɗebo ƙwayoyin ɓargon majinyaci, a gyara su da fasahar CRISPR mai yanke ƙwayar gado kamar almakashi, a mayar masa, sai jikinsa ya koma ƙera himogulobin irin na ɗan tayi. An sa kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Labari ne mai daɗin ji, amma ba shi zai ceci yaron Sabuwa a wannan ƙarnin namu na kusa ba, don haka ba zan tsaya a kansa ba.

Binciken da ya shafe mu kai tsaye a Kano da Kaduna aka yi shi. Kusan yaro ɗaya cikin goma masu SS yakan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin ya shekara 20 idan ba a ɗauki mataki ba. A Amurka akan hana wannan da ƙarin jini kowane wata, abin da ba zai yiwu a wurinmu ba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt sun gwada wata ƙwaya mai araha, haidiroksiyuriya, a kan yara 220 waɗanda hoton jijiyoyin kai ya nuna suna cikin haɗari. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ko da ƙaramin awo na maganin, kaɗan ne ƙwarai suka sami shanyewar. Wani binciken da aka buga a 2019, kan yara wajen 600 a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda, ya nuna maganin yana rage ciwon ƙashi da ƙarin jini da mutuwa, har ma da zazzaɓin cizon sauro. Tun 1986 kuma aka tabbatar cewa ba yaro fenisilin kullum yana kare shi daga cututtukan da suka fi kashe masu SS. Har ila yau, akwai gwajin ɗigon jini mai ba da amsa cikin mintoci, wanda aka gwada a wuraren rigakafi a Gwagwalada. Duk waɗannan ba su da amfani ga yaron da ba a san SS ne ba.

Wani zai ce wannan hurumin ma'aikatan lafiya ne. Sai dai mu dubi halin da yankin yake ciki. Sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020 ya nuna wa duniya abin da mutanen waɗannan ƙananan hukumomi uku suka sha a hannun 'yan bindiga. Yaron da ciwo ya taso masa da tsakar dare a wani ƙauyen Faskari, kai shi Funtuwa ko Shika ba ƙaramin al'amari ba ne. Inda asibiti ya yi nisa, sanin da ke cikin gida shi ne magani na farko, kuma malamin firamare yana isa ƙauyen da likita bai taɓa takawa ba.

Wani kuma zai ce gwajin kafin aure ya wadatar. Jihar Kano ma ta mai da shi doka a 2024. Dokar tana da kyau, amma gwajin yakan zo a makare. An kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an haɗa lefe, wani lokaci auren zumunci ne tsakanin 'ya'yan wa da ƙani, sannan a ce a fasa? A irin wannan matsi ne ake neman takardar bogi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya san gadon jininsa tun yana aji shida zai yi tambayar kafin zuciya ta yi nisa. Sai dai a yi hattara, kada ilimin ya zama abin tsangwamar 'ya'ya mata. Dole malami ya nanata cewa AS ba cuta ba ce, cewa mai AS na iya auren mai AA ba tare da fargabar haifar SS ba, kuma uwa kaɗai ba ta iya ba ɗa wannan cuta, sai uba ya kawo nasa rabin. Mata da yawa an kira su wabi, an yi musu kishiya ko an sake su, a kan abin da mijin yake da rabinsa.

A cikin aji ma akwai abin yi. Ɗalibi mai SS a bar shi ya sha ruwa duk lokacin da ya so, ya kuma fita bayan gida, domin ƙishirwa tana tayar da ciwon. Kada a tsayar da shi a filin taro cikin hunturu, kada a sa shi gudu ko tsallen kwaɗo, kada a ɗauki yawan fashinsa a matsayin lalaci. Idan jikinsa ya yi zafi, ko numfashi ya yi masa wuya, ko aka ga bakinsa ya karkace, ko alƙalami ya suɓuce daga hannun da ya saba rubutu da shi, a aika wa iyayensa nan take a nufi asibiti, kada a jira tashi daga makaranta.