Pelen Ƙofar Mata da bashin da ke kanmu

Gidanmu yana Yakasai, saboda haka ba na buƙatar rediyo kafin in san Kano Pillars ta ci. Ihun filin wasa na Sani Abacha yakan taso daga Ƙofar Mata, ya ratsa marina, ya iske mu a zaure. Shekara da shekaru, idan aka yi irin wannan ihun, sai ka ji wani a lungu ya ce, "Pele ne." Kowa ya san Rabi'u Ali ake nufi, mai riga lamba goma.

Rannan na zauna a gidan kallo, yara suna musu a kan Madrid da Barcelona, suna lissafo ƙwallayen da Turawa suka ci shekara goma baya, ba gargada. Na tambayi ɗayansu sau nawa Pillars ta ɗauki gasar ƙasa. Ya yi shiru. Na ce masa sau huɗu: 2008, sannan 2012, 2013 da 2014 a jere, kuma Rabi'u yana tsakiyar filin a waɗannan ukun. Yaron ba shi da laifi. Labarin Turai an rubuta shi, an ɗauka a bidiyo, yana cikin wayarsa. Namu yana bakin dattawa ne kawai.

Wasan da ba zan manta ba shi ne na Janairun 2014, a gasar 'yan wasan cikin gida ta Afirka da aka yi a Afirka ta Kudu. Maroko ta zuba mana uku kafin hutun rabin lokaci. Rabin gidan kallon ya watse, wasu suna cewa ai dama 'yan gida ba su iya komai ba. Na zauna ne don na riga na biya. Da aka dawo, sai yaran Stephen Keshi suka fara farkewa, Rabi'u na cikin waɗanda suka ci, aka tashi 4-3 bayan ƙarin lokaci. Waɗanda suka fita da gudu suka dawo, babu wanda ya nemi kuɗin shiga a hannunsu. Tagulla Najeriya ta samo a gasar. A 2018 ma Rabi'u yana cikin tawagar Salisu Yusuf da ta kai wasan ƙarshe.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasansa shi ne natsuwa. Ba gudu ne da shi kamar Ahmed Musa ba. Yakan tsayar da ƙwallo, ya ɗaga kai, ya ajiye ta inda ɗan gaba zai tarar da ita. Idan aka samu bugun tazara a bakin da'ira, 'yan kallo sukan miƙe tun kafin ya buga. An haife shi a 1980, amma ya haura arba'in yana ci wa Pillars ƙwallo, abin da ba ya yiwuwa ga wanda bai kama jikinsa ba.

Ba waliyyi ba ne. A 2019, bayan rikicin da ya biyo wasa da Rangers a Agege, hukumar gasar ta dakatar da shi, kuma raina ya ɓaci a ranar. A shekarar ce kuma Pillars ta ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna, bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenareti. Da ƙungiyar ta faɗi daga babbar gasa a 2022, ga girma ya kama shi, da ya tafi babu mai zarginsa. Da shi aka dawo a 2023, ana ta "Sai Masu Gida!"

Tsorona shi ne abin da ya sami Raccah Rovers. Su ne suka ɗauko wa Kano gasar ƙasa a 1978, kuma a shekarar Pele na ainihi, ɗan Brazil, ya buga da su a Kaduna. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan lissafo 'yan wasansu ɗaya bayan ɗaya, da irin ƙafar kowa. Ban rubuta ba. Yau na nemi sunayen a kaina, sun zube.

Don haka kirana ga shugabannin Pillars da hukumar wasanni ta jiha: kyautar fili ko mota ba ta isa ba. A sa a tattara wasannin Rabi'u da ƙwallayensa, kaka bayan kaka, daga jaridu da faya-fayan gidajen rediyon Kano. Ɗaliban Jami'ar Bayero su zauna da shi, da abokin wasansa Gambo Muhammad, da 'yan Raccah da ke raye, su naɗi muryoyinsu da Hausa. A tura shi kwas ɗin koci, a damƙa masa yaran cikin Badala da ke buga ƙwallon roba ba takalmi. Rigarsa mai lamba goma kuwa, akwai wurinta a Gidan Makama, inda 'yan makaranta ke zuwa ganin kayan tarihin birnin nan.